Sai an gwada akan san na ƙwarai: yadda masu zuba jari ke gane ɗan kasuwa na gaskiya

A shekarar 2000, attajirin nan na ƙasar Japan, Masayoshi Son, mai kamfanin SoftBank, ya zuba dala miliyan 20 a wani ƙaramin kamfanin intanet na ƙasar Sin mai suna Alibaba. Kamfanin ba ya cin riba, ba shi da wani ciniki na a-zo-a-gani, mai shi kuma, Jack Ma, tsohon malamin Turanci ne wanda bai iya haɗa manhajar kwamfuta ba. Son ya sha faɗa daga baya cewa cikin 'yan mintoci ya yanke shawara, kuma abin da ya ja hankalinsa shi ne abin da ya gani a idon mutumin. Ranar da aka shigar da Alibaba kasuwar hannun jari ta New York a 2014, kason SoftBank ya haura dala biliyan 50.

Shekara goma sha shida bayan cinikin Alibaba, Son ɗin nan dai ya yi wa Adam Neumann, mai kamfanin ba da hayar ofisoshi na WeWork, irin wannan kallo. Ya zagaya ofishin kamfanin na 'yan mintoci, suka shiga mota tare, kafin su rabu sun tsara cinikin dala biliyan 4.4. A farkon 2019 an yi wa WeWork kuɗi a kan dala biliyan 47. A watan Agusta na shekarar kamfanin ya fito da takardunsa don ya sayar wa jama'a hannun jari, mutane suka karanta asarar da ake tafkawa da yadda Neumann ke ba kamfanin hayar gine-ginen da shi kansa yake da hannu a cikinsu, sai kowa ya ja da baya. Kafin watan Satumba ya ƙare an sauke shi daga shugabanci. A Nuwamban 2023 kamfanin ya bayyana cewa ya karye. SoftBank ya yi asarar sama da dala biliyan 10, Son kuma ya fito a bainar jama'a ya ce ya yi kuskuren auna mutum.

Idon da ya gano Jack Ma shi ne ya zaɓi Neumann. Shi ya sa duk lokacin da na ji an ce gogaggen mai zuba jari yana gane ɗan kasuwa na ƙwarai da kallo ɗaya, nakan tuna da waɗannan labarai biyu a jere. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a harkar jari fuska ta sha yin shaidar zur.

Kafin mu shiga cikin maganar, ya kamata a san wane irin mai zuba jari ake nufi. Banki yana ba da rance ne bayan ya ga jingina, idan kasuwanci ya mutu ya sayar da abin da aka ajiye masa. Mai jarin kasada kuwa, wato wanda ke sayen kaso a sabon kamfanin da bai tsaya da ƙafarsa ba, ba shi da abin riƙewa. Idan kamfanin ya rushe, kuɗinsa ya bi ruwa. Galibi ma kuɗin ba nasa ba ne, na asusun fansho ne da jami'o'i da attajirai, an damƙa masa amana na wajen shekara goma. Ya san yawancin kamfanonin da zai saka wa kuɗi ba za su dawo da komai ba, ɗaya ko biyu ne za su biya asarar sauran har a samu riba. A matakin farko kuma babu dogon tarihin ciniki da za a duba, babu gine-gine, wani lokaci ko hajar ba a gama ƙerawa ba. Abin da ke gabansa kawai shi ne mutum.

Wasu malaman jami'a huɗu, Paul Gompers da Will Gornall da Steven Kaplan da Ilya Strebulaev, sun tambayi masu jarin kasada 885 daga kamfanoni 681 yadda suke yanke shawara, aka buga sakamakon a 2020. Kashi 95 cikin 100 sun ce mutanen da suka kafa kamfani suna cikin muhimman abubuwan da suke dubawa, kashi 47 kuma suka ce su ne abu mafi muhimmanci, sama da kasuwa da haja da tsarin samun kuɗi. Amma akwai alƙaluman da suka fi waɗannan amfani a cikin binciken, ko da yake ba a cika ambatonsu ba. A cikin kamfanoni kusan 100 da aka duba, ɗaya ne ake saka wa kuɗi. Ciniki yakan ɗauki kwana 83 kafin a kammala, ana kashe awa 118 wajen binciken ƙwaƙwaf, ana kuma tuntuɓar mutum goma da suka san mai kamfanin. Wato labarin minti biyar da ido mai ƙyalli shi ake bayarwa a dandalin taro, aikin gaske kuwa na wata uku ne, a waya da cikin takardu.

To me ake nema a cikin wata ukun nan?

Abu na farko, kuma a ganina shi ya fi kowanne nauyi, shi ne tazarar da ke tsakanin bakin mutum da hannunsa. Mai zuba jarin da ya san aikinsa ba ya dogara da zama ɗaya. Yakan gana da mai kamfani yau, ya rubuta abin da ya ce zai yi, ya sake nemansa bayan mako uku. A wannan tsakani wani ya riga ya gwada abin da aka tattauna, ya samo amsa, ko da amsar ita ce abin bai yi aiki ba. Wani kuma zai dawo da sabon kwalliyar bayani da sabon uzuri. Na farkon yana iya zama mai in'ina, mai jin kunyar magana a gaban jama'a, ba komai. Zama ɗaya hoto ne kawai, zama uku ko huɗu su ke nuna inda mutum ya dosa da irin saurin da yake tafiya.

Waɗanda suka kafa Airbnb, shafin da mutane ke ba matafiya hayar ɗakunan gidajensu, wato Brian Chesky da Joe Gebbia da Nathan Blecharczyk, sun sha kora daga hannun masu kuɗi a 2008, domin mutane da yawa ba su yarda wani zai kwana a gidan baƙon da bai sani ba. A farkon 2009 cibiyar Y Combinator, mai rainon sababbin kamfanoni, ta ɗauke su ta ba su dala 20,000. Da suka lura yawancin masu amfani da shafinsu suna New York, sai suka riƙa tashi daga California zuwa can, suna bin masu gidaje ƙofa-ƙofa, suna ɗaukar hoton ɗakunan da kansu saboda hotunan da ke shafin ba su da kyau. 'Yan'uwan nan biyu daga ƙasar Ayalan, Patrick da John Collison, masu kamfanin biyan kuɗi na Stripe, sun yi suna da wata ɗabi'a makamanciyar wannan. Idan wani ya ce zai gwada manhajarsu, ba sa cewa za su turo masa saƙo daga baya, nan take suke karɓar kwamfutarsa su saka masa. Irin wannan aikin wahala, wanda ba shi da armashi kuma ba a ɗaukar hotonsa, ɗan kasuwan bogi ba ya jure masa, domin shi abin da yake so shi ne a kira shi shugaban kamfani.

Na biyu shi ne zurfin sani. Ana gane shi ne ta hanyar tono. Tambaya ta farko kowa yana da amsarta, an haddace ta tun daga gida. Ta biyu ma haka. A ta huɗu ko ta biyar ake rabuwa. Me ya sa kwastoman da suka saya a watan jiya ba su dawo ba? Da wa ka yi magana a cikinsu? Me ya ce maka? Nawa kake kashewa kafin ka samu kwastoma ɗaya, nawa kuma yake kawo maka kafin ya tafi? Kuɗin da ke asusunku wata nawa zai kai ku? Wanda yake cikin harkar tsundum ba ya waiwayar akawunsa kafin ya amsa, kuma sau da yawa shi zai faɗa maka wata matsala a kasuwar da ba ka taɓa tunaninta ba. Mai zuba jari yakan ji daɗi idan ya tashi daga zama ya koyi sabon abu. Idan kuwa shi ne ya fi mai kamfanin sanin kasuwar, to magana ta ƙare, ko da ba a faɗa a fili ba.

A nan ne batun shekaru ke shigowa. Saboda Bill Gates da Steve Jobs da Mark Zuckerberg sun fara tun shekarunsu suna wajen ashirin, an ɗauka cewa sai yaro ɗanye ne ke kafa babban kamfani. Pierre Azoulay da abokan aikinsa sun duba bayanan mutum miliyan 2.7 da suka kafa kamfanoni a Amurka tsakanin 2007 da 2014. Matsakaicin shekarunsu ya kai wajen 42, a cikin kamfanonin da suka fi kowa saurin bunƙasa kuwa, ɗaya cikin dubu, ya kai 45. Sun kuma gano cewa wanda ya taɓa aiki a fannin da ya buɗe kamfani ya fi samun nasara nesa ba kusa ba. Ba tsufan ne ke kawo nasarar ba, sanin inda takalmi ke matsa wa kwastoma ne, shi kuwa ba ya samuwa sai an daɗe ana sa takalmin.

Sai kuma abin da ya fi wuyar aunawa, wato yadda mutum ke mu'amala da mummunan labari. Masu zuba jari da yawa sukan tambayi mai kamfani abin da ke hana shi barci, ko su ce ya ba su labarin wani abu da ya lalace a hannunsa. Ba labarin ake so ba, ana sauraron wanda zai ɗora wa laifi. Idan kullum laifin na tsohon abokin aiki ne, ko na gwamnati, ko na kwastoman da ba su waye ba, to gobe ma idan kuɗinka ya salwanta haka za a ce maka. Wanda ya ce nan ne na yi kuskure, ga abin da na canza, ya ba ka abin da za ka iya aiki da shi. Akwai kuma ƙaramar jarrabawa da ba a sanar da ita: wanda ya fara kawo raunin kamfaninsa da kansa kafin a tono shi. Mai zuba jari zai zauna da mutumin nan shekara bakwai ko goma, ya fi wasu aure daɗewa, kuma abin da ya fi tsoro shi ne ya zama na ƙarshen jin cewa gobara ta tashi.

Ga misalai biyu na mutanen da suka faɗi gaskiya a lokacin da take da ɗaci. A 2005 kamfanin Apple ya saka shirye-shiryen murya a cikin manhajarsa ta iTunes, abin da ya kashe kasuwar wani ƙaramin kamfani mai irin wannan harka mai suna Odeo. A 2006 shugabansa, Evan Williams, ya saye kason masu zuba jarin ya mayar musu da kuɗinsu, daga cikin ragowar kamfanin kuma Twitter ya fito. Stewart Butterfield sau biyu yana ƙoƙarin ƙera wasan intanet yana faɗuwa. Daga na farko aka samu Flickr, shafin ajiye hotuna, wanda Yahoo ya saya a 2005. Na biyun, Glitch, ya rufe shi a 2012 da ya ga ba zai kai labari ba, alhali da sauran kuɗi a asusu, ya juya akala zuwa manhajar da ma'aikatansa ke aika wa juna saƙo da ita. Ita ce ta zama Slack, wadda Salesforce ya sanar da sayenta a kan dala biliyan 27.7 a ƙarshen 2020. Kowa yana yabon naci, amma naci kashi biyu ne. Akwai mai nacewa a kan matsalar da yake son warwarewa, yana sauya hanya duk lokacin da hujja ta nuna masa. Akwai kuma mai nacewa a kan ra'ayinsa, wanda ko bango ya gani sai ya ce ƙofa ce. A zaman farko kamarsu ɗaya sak.

Wata 'yar tsokaci a nan: kada a ɗauka faɗuwa ita kanta lambar yabo ce, kamar yadda ake yayatawa. Wani binciken da Gompers ya yi da abokan aikinsa ya nuna cewa wanda ya taɓa kafa kamfani ya yi nasara yana da damar kusan kashi 30 cikin 100 ta sake yin nasara, sabon shiga da wanda ya taɓa faɗuwa kuwa dukansu suna wajen kashi 20 ne. Faɗuwa ba ta ƙara wa mutum komai sai idan ya san abin da ya kayar da shi.

Duk waɗannan alamomi, mai wayo yana iya kwaikwayonsu na awa ɗaya. Abin da ba ya kwaikwayuwa shi ne bakin wasu. Shi ya sa kiran waya goman nan suke da daraja, musamman kiran mutanen da mai kamfanin bai ba da sunansu ba: wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa ya bari, tsohon abokin tarayya, kwastoman da ya daina saye. Tambayar da ta fi fito da gaskiya gajera ce: za ka sake aiki da shi? Shirun da ke biyo bayanta ma amsa ne. Haka kuma ana duba su wa suka bar albashi mai tsoka suka bi shi, domin ƙwararren da ya ajiye aikinsa ya bi mutum ya riga ya yi irin cacar da ake roƙon mai jari ya yi, shi kuma ya fi shi sanin mutumin.

Manyan asarorin da aka tafka a shekarun nan, in ka bi diddiginsu, ba rashin basirar karanta fuska ba ne ya jawo su, cinikin biri a sama ne. Elizabeth Holmes ta tara sama da dala miliyan 700 a kan alkawarin cewa kamfaninta, Theranos, zai yi gwaje-gwaje masu yawa da ɗigon jini daga yatsa. An yi wa kamfanin kuɗi a kan dala biliyan 9. A hukumar daraktocinsa akwai tsofaffin sakatarorin harkokin wajen Amurka biyu, Henry Kissinger da George Shultz, cikin masu jari kuma akwai Rupert Murdoch. Kowa ya dogara da sunan na kusa da shi. Bill Maris, wanda ke shugabantar Google Ventures, reshen jarin kasada na Google, a lokacin, ya ce su abin da suka yi mai sauƙi ne: sun tura mutum ya je a yi masa gwajin, sai ga shi ana ɗibar jininsa daga jijiya kamar yadda aka saba a ko'ina. Ba su saka ko sisi ba. A Oktoban 2015 ɗan jarida John Carreyrou ya fasa ƙwai a jaridar Wall Street Journal, a 2022 kotu ta sami Holmes da laifin damfarar masu jari, aka yanke mata ɗaurin sama da shekara 11.

Bankin JPMorgan ya sayi kamfanin Frank, mai taimaka wa ɗalibai neman tallafin kuɗin karatu, a 2021 a kan dala miliyan 175, bisa iƙirarin matar da ta kafa shi, Charlie Javice, cewa yana da masu amfani sama da miliyan huɗu. Sai bayan an biya aka aika wa wasu daga cikin sunayen saƙon imel, yawanci suka dawo ba su isa ba. Adadin gaskiya bai wuce wajen 300,000 ba. An same ta da laifi a 2025. Kamfanin Sequoia, wanda yake cikin mafiya daɗewa da gogewa a wannan sana'a, ya saka sama da dala miliyan 200 a FTX, kasuwar musayar kuɗin kirifto, har ya wallafa a shafinsa cewa mai shi, Sam Bankman-Fried, yana buga wasan bidiyo a daidai lokacin da yake tallata musu kamfanin, aka kawo abin a matsayin alamar baiwa. FTX ba shi da hukumar daraktoci ta kirki mai sa masa ido. A Nuwamban 2022 Sequoia ya rubuta jarin nan a matsayin sifiri. Abin da ya haɗa su duka shi ne tsoron kada a bar mutum a baya. Idan kuɗi ya yi yawa a kasuwa, mai kamfani ya ce yau ko gobe zai rufe karɓar jari, kwana 83 sai su koma kwana uku.

Ido yana kuskure ta ɗaya ɓangaren ma, ya ƙi na ƙwarai. Mai zuba jari yakan nemi wanda ya yi kama da waɗanda suka taɓa kawo masa riba, ya kira wannan gogewa, alhali wani lokaci son kai ne ya sa riga. Dana Kanze da abokan aikinta sun nazarci tambayoyin da aka yi wa masu kamfanoni 189 a gasar sababbin kamfanoni ta TechCrunch Disrupt a New York tsakanin 2010 da 2016. Kusan kashi biyu cikin uku na tambayoyin da aka yi wa maza sun shafi yadda za su bunƙasa ne, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka yi wa mata kuwa sun shafi yadda za su kauce wa asara. Masu tambayar, maza da mata, duk haka suka yi. Wanda aka tambaya buri zai bayyana mai buri, wadda aka tambaya tsoro za ta bayyana mai ɗari-ɗari, sai mai tambaya ya tashi yana ganin ya karanci halinsu. Kamfanonin da mata zalla suka kafa suna samun wajen kashi 2 ne cikin 100 na jarin kasada a Amurka. Binciken nan na Gompers na 2020 kuma ya nuna kashi 10 kacal na cinikin da ake dubawa ne ke zuwa daga masu kamfanin da suka ƙwanƙwasa ƙofa da kansu, sauran ta hanyar sanayya ne ko farautar mai jarin. Na ƙwaran da ba shi da wanda zai gabatar da shi, sau tari ko layin gwajin ba ya shiga.

Su kansu masu sana'ar ba su taɓa yin ittifaƙi a kan cewa mutum ne kan gaba ba. Georges Doriot, malamin Harvard haifaffen Faransa wanda ya jagoranci ɗaya daga cikin kamfanonin jarin kasada na farko tun 1946, kuma ya saka dala 70,000 a kamfanin kwamfuta na Digital Equipment a 1957, ya fi son gwanin mutum mai matsakaicin shiri a kan gwanin shiri a hannun matsakaicin mutum. Don Valentine, wanda ya kafa Sequoia a 1972, ya fi karkata ga girman kasuwa. Ya saka kuɗi a Cisco, mai ƙera na'urorin sadarwar kwamfuta, a 1987, kafin 1990 ta ƙare ma'auratan da suka kafa kamfanin sun bar shi, kamfanin kuma ya ci gaba da girma. Wani bincike da Kaplan ya jagoranta a kan kamfanoni 50, wanda aka buga a 2009, ya goyi bayan Valentine ta wata fuska: daga takardar shirin farko har zuwa kasuwar hannun jari, harkar da kamfani ke yi ba ta cika sauyawa ba, shugabanni ne ake ta sauyawa. Ni dai ina ganin kowannensu yana da gaskiya a lokacinsa. In harkar ce doki mai kamfanin kuma mahayi, to tun ana mutum uku a ɗaki ɗaya, mahayin ne komai, domin dokin ma ba a haife shi ba tukuna.

Saboda mai zuba jari ya san idonsa ba abin dogaro ba ne, yakan mayar da shakkarsa cikin yarjejeniya. Ba ya ba da kuɗin a dunƙule, zango-zango yake bayarwa, kowane zango sai an ga abin da aka yi da na baya. Yakan nemi kujera a hukumar daraktoci da rahoton kuɗi a kai a kai. Yakan kuma sa sharaɗin cewa mai kamfanin ba zai mallaki hannun jarinsa gaba ɗaya ba sai a hankali, galibi cikin shekara huɗu, wanda ya tafi kafin cikar shekarar farko kuma ya tafi hannu rabbana. Yadda mutum ya karɓi wannan sharaɗi shi ma ana lura da shi. Wanda ya zo da niyyar shekara goma ba ya ɗaga hankalinsa a kan huɗu.

Kamfanin jarin kasada na Bessemer, wanda asalinsa ya koma 1911, yana da wani shafi a intanet da ya jera kamfanonin da ya ƙi saka wa kuɗi suka zo suka zama ƙattai. Akwai Apple a ciki, akwai eBay da Facebook da Airbnb. FedEx sau bakwai suna ƙin sa. Ɗaya daga cikin manyansu, David Cowan, wata ƙawarsa ta ba wasu ɗaliban jami'ar Stanford biyu hayar garejinta, ta yi ta ƙoƙarin haɗa shi da su, ta ce suna ƙera injin bincike na intanet. Shi kuwa ya tambaye ta ko akwai hanyar da zai fita daga gidan ba tare da ya bi ta kusa da garejin ba. Ɗaliban su ne Larry Page da Sergey Brin, masu Google.